Jar Fitilar Kwalekwalen Wada

Akwai wani mutum a Garuwa ta ƙasar Kamaru, zamanin mulkin Ahijo, ana ce masa Wada. Yana da kwalekwale mai inji, yana jigilar mutane da kaya a kogin Binuwai. Idan damina ta yi nisa kogin kan cika ya batse, manyan jiragen dakon auduga su fara shigowa. Wata rana ɗayansu ya kusa hawa kansa, don matuƙin bai gan shi ba. Daga ranar Wada ya ƙudura sai ya sa wa kwalekwalensa fitila mai ƙyaftawa.

Sai ya nemo Maurice, mai gyaran wutar mota a wani gareji kusa da kasuwa. Maurice mutumin kan dutse ne, daga wajen Mokolo ya zo. Hannunsa na da kyau a aiki, amma bai iya ruwa ba, kuma tsoron kogi yake kamar me. Da ya iso da kayan aikinsa bayan la'asar, sai da Wada ya jawo kwalekwalen gaɓa ya ɗaure shi tamau kafin ya yarda ya taka ciki.

Ya kafa doguwar gora a bayan kwalekwalen, ya ɗaura mata wata jar fitila da ya ciro daga tsohuwar mota. Ya tura batir ƙarƙashin benci, ya fara jan waya yana bin gefen katako da ita.

Yana cikin haka hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin. Sai ga Mairamu mai sayar da kifi a guje, ko takalmi babu.

"Wada! Matan da suka tsallaka sarin kifi ba su dawo ba! Masunta sun ce kwalekwalen matan ya tsage, ruwa ya yi ƙasa da su wajen tsibiran ciyawa. Karimatu tana ciki!"

Karimatu matar Wada ce, kuma da goyo ta fita.

Wada ya yi tsalle ya faɗa kwalekwale. "Maurice, kwashe kayanka ka sauka. Gobe a ƙarasa."

"Malam Wada, dubi sama. Kafin ka kai can gari ya rufe. Ba za ka gan su ba, su ma ba za su gan ka ba."

"To in zauna ina kallon ka kana murɗa waya, iyalina na nutsewa? Sauka na ce!"

Maurice ya dubi gaɓa, ga ta nan taku ɗaya. Ya dubi ruwan, ja wur, yana tafe da rassan itace da tarkace. Sai ya zauna a gindin gorar, ya matse batirin tsakanin ƙafafunsa.

"Tayar da injin. Zan ƙarasa a hanya."

"Kai da ba ka iya ruwa ba?"

"Ba ruwan zan haɗa ba, waya ce. Mu je."

Ba su yi nisa ba sama ta ɓalle. Iska na ɗaga kwalekwalen tana maka shi, ruwa na shiga ta gefe. Gari ya yi duhu tun ba a kira magariba ba. Wada na riƙe da inji da hannu ɗaya, ɗayan yana kwarfe ruwa da ƙwarya, yana ƙwala kira: "Karimatu! Karimatu!" Iska na mayar masa da muryarsa.

Maurice bai yarda ya ɗaga kai ba, don ya san in ya kalli kogin hannunsa ba zai ƙara aiki ba. Ya feƙe bakin waya da haƙori, ya ɗaura a kan batir, ya danna makunni.

Shiru. Fitila ba ta kama ba.

Ya sake dannawa. Ba komai.

"Ina wutar?" in ji Wada cikin tsawa. "Ka ce za ka ƙarasa!"

Maurice ya bi wayar da yatsa daga batir har gora, ba inda ta tsinke. Can sai ya gane. A mota, ƙarfen jikinta ne ke mayar da wuta zuwa batir. Nan kuwa katako ne. Sai an ja waya ta biyu tun daga fitilar har ƙasa, kuma fitilar tana can saman gora.

Dole ya miƙe tsaye.

Ya tattara guntayen wayar da suka rage ya ƙulla su, ya naɗe mahaɗan da robar tayar keke. Sannan ya rungumi gorar, ya miƙe a hankali. Igiyar ruwa ta bugi kwalekwalen, ƙafarsa ɗaya ta zame waje, ruwa ya kama shi har cinya. Wada ya saki ƙwarya ya cafko ɗamararsa.

"Na riƙe ka! Ɗaura, Maurice, ɗaura!"

Ya ɗaura. Ya zube ƙasa yana haki, ya kai bakin wayar kan batir. Jan haske ya tashi a samansu.

Amma ɗan akwatin da ke sa fitilar ƙyaftawa ya sha ruwa, ya ƙi aiki. Sai Maurice ya riƙa taɓa wayar a kan batir yana ɗagawa, yana taɓawa yana ɗagawa, fitilar na kamawa tana mutuwa. Yatsunsa suka ƙage don sanyi, bai daina ba.

Suka isa tsibiran. Ciyawa ce ko'ina ta fi mutum tsawo, rabinta ruwa ya shanye. Suka zaga wannan, suka zaga wancan, ba kowa. Wada ya fara kuka ba kunya.

"Kashe injin," in ji Maurice. "Ƙararsa ta hana mu ji."

"In ya ƙi tashi fa?"

"In ba mu ji su ba, tashinsa me zai yi mana?"

Wada ya yi bisimilla ya kashe. Ruwa ya fara jan su. Suka kasa kunne. Da farko ba abin da ke tashi sai dukan ruwan sama. Can daga hagu sai suka ji: kwang, kwang, kwang. Ana buga kwanon tasa.

Matan sun hango jar wutar tana kamawa tana mutuwa, sun san wannan ba walƙiya ba ce.

Sai da Wada ya ja igiyar injin sau uku kafin ya tashi. Suka kutsa cikin ciyawa, suka tarar da su a tsaye kan ɗan tudun yashi, ruwa ya kai musu ƙugu, sun riƙe juna. Karimatu ta ɗora jaririnta a ka. Wada ya karɓe shi ya cusa cikin rigarsa, yana ta hamdala, sannan ya shiga jawo su ɗaya bayan ɗaya.

Maurice na durƙushe da wayarsa, bai ko waiwaya ba, sai ya ji wata murya na kiran sunansa da yaren garinsu.

Ya juya. Yvette ce, matarsa, Wada na jawo ta ciki, leɓɓanta sun yi fari.

"Me kike yi a nan?" in ji Maurice. "Ba gida na bar ki ba?"

"Maƙwabciyarmu ce ta ce kifi ya yi araha a tsallake, na bi ta. Na ce zan dawo kafin ka taso daga aiki." Sai ta ƙura masa ido. "Maurice, kai ne a kan ruwa?"

Ya kama ta da hannu ɗaya ya zaunar da ita kusa da shi, ɗayan hannun na kan batir, har suka iso gaɓa inda jama'a suka taru suna bin jar wutar da kallo.

Da suka sauka, Maurice ya zauna a cikin taɓo. Wada ya durƙusa gabansa ya kama hannayensa biyu.

"Ka yafe mini tsawar da na yi maka, ɗan'uwa. Don matata ka shiga kogin nan."

Maurice ya dubi Yvette, wadda mata ke lulluɓa wa zane, ya girgiza kai.

"Haka ni ma na zata, Malam Wada."

Darasi: In ka ga ɗan'uwanka cikin tashin hankali, kada ka ce ba ruwanka, ko da taimakon zai kai ka inda kake tsoro. Ba ka san ko gidanka kake ceta ba. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai wannan labari, wataƙila akwai mai tsaye a bakin gaɓa yau yana shawarar ya shiga ko ya koma.