Sunan Ɗan Haladu Mai Kilishi

Ku matso kusa, kuma wanda ya san zai katse ni ya tashi tun yanzu. Magana zan ajiye a gabanku, in na gama ku yi ta faɗa a kanta.

Akwai wani mahauci mutumin Gumel, Haladu, gwanin kilishi. Kasuwa ta ƙi shi a gida, ya ce shi ba zai tsufa yana korar ƙuda a kan tire ba. Ya kai matarsa Sa'ade gidan iyayenta, ya gangara Kalaba, ya shiga jirgin ruwa, sai Gabon. Shekararsu shida da aure a lokacin, ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ranar da ya sauka jandarma, 'yan sandan ƙasar, suka kama shi. Ba takarda, ba Faransanci. Ya kwana tara a tsare, har an sa sunansa cikin waɗanda za a mayar gida. Sai labari ya kai kunnen Alhaji Badamasi, mai masaukin Hausawa, wanda bai taɓa ganinsa ba. Ya je ya tsaya masa, ya ajiye takardar zamansa shi kansa: in Haladu ya gudu ko ya yi laifi, Badamasi za a kora, da iyalinsa, da shekara talatin ɗin da ya yi a ƙasar. Ya kai shi gida, ya ba shi ɗaki shekara biyu. Gori kam yana da shi, kullum sai ya tuna masa yadda ya tsamo shi yana warin jirgi. Amma ɗakin bai taɓa cewa a fita ba.

Ranar da aka sake shi, Haladu ya riƙe hannunsa ya ce, “Alhaji, in Allah ya ba ni ɗa namiji, sunanka zai ci.”

Badamasi ya ce, “Fara samun wando na biyu tukuna.”

To, kun san kilishi rana yake so. Haladu ya zo ƙasar da ruwa ke zuba kamar an yi masa laifi, ya yanyana nama ya shanya a asabari yana jiran ranar Gumel. Sau uku yana shanyawa, sau uku yana fumfuna. A na ukun ya kwashe naman ya je bakin teku ya zubar, ya ce gobe zai kama dako. Wani masunci mutumin Yauri, Mamuda, mai bandar kifi, yana kallonsa.

Ya ce, “Kai daga wane ƙauye? Ka zo gidan ruwa kana jiran rana?”

Mamuda ya ajiye komarsa a tsakiyar lokacin kifi. Ya kafa rumfar kwano, ya yanka ganga, ya shiga neman yadda zafin gawayi zai busar da nama ba tare da hayaƙi ya mai da shi banda ba. Wata huɗu suna ɓata nama. A ciki ganga ta kife wa Mamuda a hannu, yatsunsa biyu har yau ba sa lanƙwasuwa, bai ƙara jefa koma daidai ba. Amma kilishi ya tsaya. Haladu ya buɗe shago, ya ɗauki ma'aikata, ya aika aka kawo Sa'ade. Ranar da ya ɗanɗana na farko da ya yi ƙaras a baki, ya dubi hannun nan ya ce, “Mamuda, in na sami ɗa namiji, sunanka zai ci.”

Kada wanda ya ce mini ya manta na farko. Bai manta ba. Gani yake alkawari ne da ba wanda zai taɓa zuwa karɓa.

Da kasuwa ta buɗe, ido ya buɗe. Shanu na da tsada a can, ga naman kwali daga ƙasashen waje, mai araha, ba wanda ya san wa ya yanka ko an ma yanka. Haladu ya koma kansa, yana rantse wa mutane yankan hannunsa ne. Sallah ta zama sai in shago ya yi sauƙi, shago kuwa ba ya sauƙi. Malam Shitu, wani tsoho, ladanin unguwa, ya ga kwalayen a bayan shago. Sau biyu yana samunsa a keɓe, Haladu na cewa ya ji. A na uku ya faɗa a ƙofar masallaci bayan Juma'a, kowa na ji. Haladu ya shaƙe masa wuyan riga. Manyan unguwa da ke cin kilishin kyauta suka ce tsohon ya cika tsegumi, suka karɓe ladancin da ya yi shekara ashirin yana yi.

Amma magana ta riga ta fita, masu saye suka watse. Haladu ya rame, ya daina fita. Kun san wa ya zo ƙwanƙwasa ƙofarsa da asuba? Malam Shitu.

Ya ce, “Tashi. Ba zancen nama ya kawo ni ba, lokacin sallah ya yi.”

Haka ya yi ta zuwa shekara guda. Ya zaunar da ƙato mai shekara arba'in a gaban allo, ya fara masa daga baƙi. Haladu ya ƙone kwalayen, ya bi masu sayensa gida-gida yana neman gafara, wasu suka yafe, wasu suka rufe ƙofa. Ya koma mayanka da wuƙarsa. Shagon ya dawo, bai kai na da ba, amma ya ce tun zuwansa Gabon bai taɓa cin abinci ya ji ya zauna masa ba sai lokacin. Ya ce, “Malam, in Allah ya ba ni ɗa...” Kun san sauran.

Shekara ashirin da ɗaya da aure, Sa'ade ta sami ciki. Da aiki aka ciro yaron, likita ya ce daga shi an rufe. Namiji ne.

Da safiyar suna su ukun suka zo, kowa da sabuwar riga. Badamasi da rago, Mamuda da kwandon kifi, Malam Shitu da dabino a leda. Suka zauna a tabarma ɗaya.

Badamasi ya ce, “Ina takwaran nawa?”

Mamuda ya ce, “Alhaji, ashe kai ma Mamuda ne?”

Malam Shitu kuwa, carbin hannunsa ya tsaya.

Haladu ya shiga ɗaki wajen Sa'ade. Ta ce, “Malam, ka raba abin da ba ka da shi har sau uku. Ni ɗaya na haifa, kuma ka ji abin da likita ya ce. Kada ka jera wa ɗana suna uku kamar motar haya. Ko ka jera, da ɗaya za a kira shi.”

Ya ce, “Na sani.”

Ta ce, “Ko ka sa sunan babanka, kowa ya huta?”

“Wannan gudu ne. Na daina yi wa mutane wayo tun ranar da na ƙone kwalayen nan. Ɗaya zan faɗa, in je in durƙusa gaban biyu.”

Ya fito. Liman ya karkato da kunnensa, mahaucin da zai yanka rago ya riga ya ɗora wuƙa.

To, a nan na tsaya. Ba don Badamasi ba, da Haladu na Gumel yana korar ƙuda. Ba don Mamuda ba, da ɗan dako ne, Sa'ade ba ta tako Gabon ba balle ta haihu. Ba don Malam Shitu ba, da haram za a shayar da yaron. Kuma kada wani ya ce mini a jira na biyu, na faɗa muku babu.

Kai ne Haladu, kunnen liman na bakinka. Sunan wa za ka raɗa?