Kafiretar Malam Nomau

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da tseren motoci ya fara shigowa, ana ce masa Malam Nomau. Bakanike ne, ɗan gareji gare shi a bayan kasuwa. Allah Ya ba shi hannu, jama'a, Ya ba shi hannu! Da kansa ya zauna ya ƙera wata sabuwar kafireta, wato na'urar da ke haɗa mai da iska a inji, wadda in an ɗaura wa mota sai ta riƙa gudu kamar ba ta taɓa ƙasa.

Ƙanensa Sallau direban tsere ne. Da gasar garuruwa ta gabato, ya zo ya ce, "Yaya, ɗaura mini ita."

Nomau ya ce, "Ka san dokar gasar nan. Sai kayan kamfani na asali."

Sallau ya ce, "Haba Yaya! Kamfanin ma ai sabon samfuri suke fitarwa kowace shekara. Taka ta zauna daram a gurbin tasu, ta ma fi tasu. Me ya hana ta zama ta asali?"

Nomau ya ce, "Su ba su ƙera ta ba, ba su gwada ta ba, ba su sa mata sunansu ba."

Sallau ya faki idonsa, ya ɗauke ta, ya ɗaura. Kuma ya ci gasa! Gari ya ruɗe da kiɗa da guɗa, mahaifiyarsu tana hawayen murna.

To, ku saurara. Alƙalan gasa suka buɗe inji, suka ga abin da ba su saba gani ba. Sallau ya ce sabuwar fitowa ce daga kamfani. Suka ce a kira mai gyaran motar, wato Nomau. Kalma ɗaya ake nema a bakinsa. Dattawan gari na kallonsa, uwa na kallonsa, Sallau ya riƙe kofin gasa.

Bawan Allahn nan ya sunkuyar da kai, hawaye na zuba, ya ce, "Ba ta kamfani ba ce. Ni na ƙera ta."

Allahu Akbar! Aka karɓe kofi. Aka ƙaurace wa garejin Nomau, ya yi sallama a ƙi amsawa. Bai taɓa kai ƙarar kowa ba, bai taɓa aibata ƙanensa ba.

Shekaru suka shuɗe, jabun kaya suka cika kasuwa, motocin haya na kifewa da mutane. Sai ga direbobi sun yi layi a ƙofarsa da kayan birki a hannu: "Malam, duba mana." In ya ce na asali ne, magana ta ƙare. A cikin layin nan har da Sallau, kansa a ƙasa. Nomau ya tashi ya rungume shi.

'Yan'uwa, kyawun abu ba ya halatta maka ka laƙa masa sunan da ba nasa ba. Kai mai shago, ke mai awo, gobe wani zai tambaye ka, "Na asali ne?" Ba shi kaɗai ke sauraron amsarka ba. Allah Ya ba mu ikon faɗin gaskiya ko da a kan namu ne.