Gidaje Shida Da Rusdiana Ba Ta Shiga Ba

Akwai wata ma'aikaciyar lafiya mai suna Rusdiana a wani gari na bakin kogi a tsibirin Kalimantan. Da damina ta yi ƙarfi, amai da gudawa ya ɓulla, sai aka tura ta ita da abokan aikinta gida-gida suna tambayar wa ke kwance, kuma wane ruwa ake sha.

An ba kowa kwamfutar hannu. Kana danna amsa, ta isa ofis. Bu Hamsiah, wato Inna Hamsiah, ce kaɗai, dattijuwar da ta shekara talatin a aikin, ta ce idonta ba ya ganin ƙananan rubutu, a bar ta da takardarta.

Rusdiana ba ta gajiya da tsokanarta. "Bu, kafin ki gama fiƙe fensir na gama unguwa guda!"

"To 'yar nan, Allah ya ƙara sauri."

Ranar Talata gidaje shida suka rage wa Rusdiana, a tsallaken kogi. Ruwa ya cika ya yi jawur, yana tafe da kututturan itace. Ta dubi ɗan kwale-kwalen da zai ƙetare da ita, gabanta ya faɗi. Sai ta koma rumfar mai soya ayaba ta zauna, ta cike amsoshin da kanta. Kowa lafiya. Ruwan sha dafaffe. Ta danna, ya tafi.

Ranar Alhamis da hantsi wani masunci ya faɗo asibitinsu, jiƙe sharkaf, ɗauke da yarinya idanunta sun faɗa.

"Daga tsallake nake! Yara huɗu na kwance, tsohuwarmu ta rasu jiya!"

Pak Syahrani, wato Malam Syahrani, shugabansu, ya duba kwamfuta ya yamutsa fuska. "Tsallake? Shekaranjiya aka duba ku, lafiya lau. Shi ya sa na tura jirgin ruwanmu mai kai magani can gaba. Ƙila wani abu suka ci. A yi wa wannan ƙarin ruwa, sauran mu gani zuwa gobe."

Rusdiana na tsaye a gefe tana jin komai. In ta yi magana, aikinta ya tafi, sunanta ya ɓaci a gari. In ta yi shiru, jirgin zai ci gaba da nisa.

Bu Hamsiah ta matso, ta yi ƙasa da murya. "Ranar Talata takalminki a bushe kika dawo. Ni ba zan faɗa ba. Amma yarinyar can ki ƙara kallonta."

Ta kalla. Yarinyar ko kuka ba ta iya yi.

"Pak…" in ji Rusdiana. "Ban je ba. Ni na ƙirƙiri amsoshin."

Bai tsaya yi mata faɗa ba, waya ya rarumo. "Ku juyo da jirgin! Yanzu!" Sannan ya dube ta. "Ki shiga ki je. In kin dawo ki ajiye na'urar a teburina."

Sai la'asar suka isa. Yara uku suka rayu. Na huɗun, ɗan wata goma, ya cika ana saura kaɗan su sauka.

Uwar jaririn ba ta san abin da Rusdiana ta aikata ba. Da idanu kumbure ta haɗa shayi, ta miƙo wa Rusdiana da hannu biyu.

"Sha, ƙanwata. Kun ƙetare ruwan nan saboda mu. Allah ya saka."

Rusdiana ta karɓi kofin, ta riƙe shi har shayin ya huce ba ta kurɓa ba.

Darasi: Na'ura ba ta tantance gaskiya da ƙarya, sauri kawai take ƙara wa abin da ka ba ta. Ko a takarda ko a waya, kowane layi da ka cike ran wani ne. In ba ka je ba, ka ce ba ka je ba. Ku tura wa duk wanda aka damƙa wa amanar jama'a.