Dalilin da Ya Sa Ƙaguwa Ke Tafiya a Kaikaice

Dalilin da ya sa ƙaguwa ba ta tafiya gaba, ba ta tafiya baya, sai dai ta riƙa jan jiki a kaikaice, idanu a tsaye kamar mai leƙen gidan maƙwabta, ba ciwon ƙafa ba ne, yara. Ladabi ne. Ku gyara zama ku ji irin ladabin.

A zamanin da, akwai wani gari a bakin teku ana ce masa Tungar Manda. Ƙasar komai nata a juye yake. Mu nan kafin sanyi ya shigo ruwa ya riga ya ɗauke. Su can kuwa sai sanyi ya kawo kai sannan hadari ke tasowa daga cikin teku. Sanyin ma ba wani na kirki ba ne, irin wanda tsohuwa a nan ba za ta hura masa wuta ba. Amma ruwan da yake jawowa ba ya wasa.

Mutanen garin ba su da gona sai gishiri. Da rani su tare ruwan teku a fangali, rana ta shanye shi, mata su kankare abin da ya rage, su tara shi tsibi-tsibi a kan rairayi. Duk wanda ya taɓa jefa gishiri a miya ya san irin gaisuwar da ke tsakaninsa da ruwa. Saboda haka suka yi sarautar Mai Duban Hadari. Aikinsa ya hau dutsen bakin ruwa kullum, ya duba sama, ya shinshini iska, in ya ga ruwan farkon sanyi na tafe ya gaya wa sarki, sarki ya sa a kwashe gishiri zuwa rumbu. Rigar sarautar ta fata ce, mai kauri, saboda zaman kan dutse.

Kwaɗo ne ya fara riƙe ta. Ya san aikinsa, amma ba shi da tarbiyya. Wata shekara ya ga iska ta juya, sai ya faɗo fada ranar sunan ɗan Sarkin Gishiri Jatau, ana tsakiyar rabon nama, ya ce da ƙarfi, "Ruwa na nan tafe, a kwashe gishiri!" Babu gaisuwa, babu Allah ya raya. Aka watse daga suna, aka kwashe gishiri. Ruwa ya zo, ya daki filin da babu komai.

Gishiri dai ya tsira, amma wannan ƙaramin abu ne. Fadawa suka zauna suka yi nazari, suka gano cewa kafin Kwaɗo ya buɗe baki babu ruwa, da ya buɗe ruwa ya zo. To, wa ya kira shi? Aka tuɓe wa Kwaɗo rigar a bainar jama'a, aka ce ya tafi da baƙin bakinsa. Tsirara ya fita, tsirara kuma yake har yanzu.

Ƙaguwa na cikin masu kallo a ranar. A lokacin jikinta taushi gare shi kamar ɗanyen ƙwai, tsuntsayen bakin ruwa sun cinye rabin danginta. Tafiyarta kuwa miƙe take ɗoɗar, kamar ta kowa. Da aka ce ita za a naɗa, ta sa rigar, ta ji tsuntsu ya kai mata sara a baya bakinsa ya zame, sai ta yi wa kanta alkawari: ko sama za ta faɗo, wannan riga ba za ta bar jikinta ba.

Aka shiga rani. Kullum da safe ta hau dutse, ta miƙa idanu sama, ta yi ta miƙawa har suka fito mata daga ka. Sannan ta gangaro fada, ta faɗi, ta ce, "Albishirinka, ranka ya daɗe. Yau babu ruwa."

"Goro," in ji Sarki Jatau, a miƙa mata tukuici.

Da yamma a ga lallai ba a yi ruwa ba. Fadawa su dubi juna, su girgiza kai don mamaki. Wannan baiwa da yawa take! Tun da aka naɗa ta ba ta taɓa kuskure ba. Ba wanda ya tuna cewa da rani ko jaki aka naɗa haka zai faɗa. Har maroƙa suka yi mata kirari, Mai Bakin Zuma, Wadda Sama Ke Jin Kunyarta. Ita ma da ta ji an faɗa da yawa, sai ta fara yarda.

Ana nan, ana nan, rani ya fara tsufa. Gishirin shekarar ya yi albarkar da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Sarki ya ce kada a taɓa tsibi ko ɗaya. Fatake na kan hanya daga arewa, so yake su iso su tarar da shi a fili, fari fat tun daga nan har inda ido ya tsaya, su koma su ba da labarin Jatau a kasuwanni.

Ranar da ake sa ran isowar fataken, Ƙaguwa ta hau dutse. Iskar da ta saba zuwa ta bayanta, yau a fuska ta dake ta, da sanyi-sanyi da ƙanshin danshi. Tsuntsayen teku sun baro ruwa sun jeru a tudu. Can ƙarshen teku kuwa ga wani baƙin abu kamar an kifar da tukunyar baba a gefen sama. Ta janye idanu, ta goge, ta sake miƙawa. Yana nan, ya ma ƙara girma.

Tana gangarowa ta iske Kwaɗo a bakin kududdufi.

"Sannu da aiki, Mai Bakin Zuma," in ji shi. "Kin gani?"

"Na ga me?"

"Au, ba ki gani ba? To, da waɗannan idanun naki masu kama da taɓarya, sai a ce da ke me?"

"Ɗan gajimare ne."

"Haka ne. Ni ma ɗan gajimare ne ya raba ni da wando." Ya dube ta sama da ƙasa. "Rigar ta yi miki kyau, ƙanwata. Ki shafa ta da kyau, ku yi sallama."

"Kai ba ka iya magana da manya ba ne," in ji Ƙaguwa. "Akwai yadda ake faɗin abu."

"Akwai. Je ki faɗa mu ji."

Ta wuce. A bakin fangali Inna Yalwa, shugabar mata masu kankarar gishiri, ta tare ta. Tafin hannunta duk ya tsage saboda aikin rani.

"'Yar nan, iskar nan ba ta yi mini ba. Mu fara kwasa?"

"Inna, kin fi ni sanin al'ada. Labarin sama kunnen sarki yake fara shiga."

"To, ki yi sauri ki sa masa."

"Ai ga ni a hanya."

A hanya kuwa take, sai dai ta tsaya ta gaida kowa, har da waɗanda ba sa ga maciji da ita.

Ranar a bakin ruwa aka yi zaman fada. An kafa wa sarki karaga ya ba teku baya, yana fuskantar gishirinsa, don kada ya rasa abin kallo. Fadawa da talakawa suna zaune a gabansa, suna fuskantarsa kamar yadda ladabi ya tanada. Kun gane ke nan: duk wanda ya ɗaga ido ya dubi sarki, sai ya ga hadarin nan a bayan rawaninsa. Gari guda na kallon abin, mutum ɗaya ne bai gani ba, shi ne kuma kaɗai mai ikon cewa a kwashe. Ba wanda ya tanka. Ai ba aikinsu ba ne, akwai mai riga.

Ƙaguwa ta ratsa jama'a ta zube.

"Allah ya ja zamanin sarki."

"Sarki ya gaishe ki," in ji fadawa.

"An tashi lafiya, ranka ya daɗe? Yaya gida? Yaya jama'a? Yaya ƙafar nan da ta ɗan motsa bara?"

"Ta yi sauƙi. Ina labari, Mai Bakin Zuma?"

Yara, wa ya taɓa jin an tambayi mai tarbiyya labari ya fara da tashin hankali?

"Sai alheri, ranka ya daɗe."

"Madalla. A ba ta goro."

Aka ba ta, ta karɓa da hannu biyu. Wanda ya karɓi goron albishir kuwa, da wane baki zai juya ya ce gobara?

"Sai dai," in ji ta, tana kallon ƙasa, "akwai wani ɗan gajimare."

Fuskar sarki ta canja. Ƙaguwa ta ji kamar an taɓa igiyar rigarta.

"Ɗan ƙarami," ta yi maza ta ce. "Ga alama ya ji sarki zai zauna a rana ne, ya kawo inuwa."

"Allahu akbar!" in ji wani bafade. "Har sama ta aiko wa sarki da laima!"

Jatau ya shafa gemu. Shi ma ba wai wawa ba ne ƙwarai. Ya ce, "Ke, gaya mini. A kwashe ko a bari?"

Ga ƙofa a buɗe. Kalma biyu ce kawai, kuma da sauran lokaci, mata na tsaye da ƙwarya a hannu. Ƙaguwa ta dubi hadarin, ta hango Kwaɗo can gefe yana zaune tsirara, ta hango tsuntsaye jere a tudu suna wasa baki.

"Ranka ya daɗe, ni wace ce da zan shiga gaban sarki? Abin da sarki ya gani shi ne daidai."

"Kun ji hankali!" in ji fadawa. "Ina Kwaɗo ya zo ya koya!"

"To, a bari," in ji sarki.

Inna Yalwa ta ajiye ƙwaryarta, ta zauna a ƙasa.

Sai aka yi tsawa, rugugugu, daga cikin teku.

"Mene ne wancan?" in ji sarki.

"Kamar tambari, ranka ya daɗe," in ji Ƙaguwa. "Wataƙila fataken ne."

"Daga cikin ruwa?"

"Fataken bana, ai ba a gane hanyarsu."

Ita dai yanzu so take ta bar wurin. Amma ta ina? Gaba sarki ne. Baya jama'a ce cunkus. Ta juya ta ruga kuwa ba shi yiwuwa, don ba a ba sarki baya sai ya sallami mutum, shi kuma bai sallame ta ba. Sai ta tura ƙafa ɗaya gefe, ta jawo sauran. Ta sake turawa, ta sake jawowa. Fuska na wajen sarki, baki na cewa "Allah ya ja zamaninka", ido ɗaya a kan rawani, ɗaya a kan hadari, jiki kuwa na zarewa a kaikaice kamar ba da saninta ba.

Ɗigo na farko a kan hancin Jatau ya sauka. Ya waiwaya. Abin da gari ya wuni yana kallo, shi ma ya samu ya gani.

"A kwashe!" ya daka tsawa. "A kwashe!"

Umarni ne mai kyau, ba shi da aibi sai lokaci. Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Mata suka ruga suna ɗiba, abin da suka ɗiba na tsiyayewa ta tsakanin yatsunsu. Tsibi-tsibin nan da aka yi rani guda ana tarawa suka durƙusa ɗaya bayan ɗaya, suka gangara, teku ta karɓi kayanta. Da fatake suka iso da jakunansu, sai suka tarar da rairayi wanke tas da wani mutum jiƙaƙƙe a kan karaga. Sun kuwa kai labarin Jatau kasuwanni, kamar yadda ya yi buri.

"Ina take?" in ji sarki. "Ku kamo ta, ku tuɓe mini rigar nan!"

Dogarai suka bi ta. Ita kuwa ta tona rami a rairayi ta shige, fuskarta har yanzu tana wajen fada. Da aka zaƙulo ta bayan ruwa ya ɗauke, rigar ta sha ruwan gishiri, rana ta buga ta, ta ƙandare a jikinta kamar kasko. Aka ja, aka murɗa, aka sa wuƙa, ta ƙi fita. Wanda ya matsa da yawa ta danƙe masa yatsa. Suka jefar da ita, suka koma fada.

Can fadawa suka sake zama suka yi nazari. Mai Bakin Zuma dai ba ta ambaci ruwa ba, kowa shaida ne. Amma an ji Kwaɗo na kuka a kududdufi tun kafin tsawa. Aka yanke hukunci laifinsa ne, aka aika a jefe shi. Inna Yalwa da matanta kuwa suka koma fangali suna jiran wani rani, ba wanda ya tambaye su abin da za su dafa kafin nan.

Shi ya sa har yau, in kun je bakin ruwa, za ku ga ƙaguwa cikin rigarta, ta riƙe sarautar da babu mai tambayarta labari. Idanunta na tsaye suna duban sama, ta kuma fi kowa sanin ruwa na tafe, amma ko za ku yanka ta ba za ta faɗa ba. In kun matso, ba za ta ba ku baya ba, ba za ta kuma fuskanci inda za ta ba, sai ta zare a kaikaice. Cikin hayaniyar ranar nan Sarki Jatau ya manta bai sallame ta ba, ita kuwa mai ladabi ce.