Zaren da Ya Naɗe Bayan Farfela

Akwai wani mutum mai fito a bakin wani babban kogi, mutanen gari suna kiransa Baban Rahila. Yana da kwalekwale na katako da wani tsohon inji da ya gada daga mahaifinsa. Fentin injin duk ya koɗe, murfinsa ma da roba aka ɗaure shi, amma kada ku raina shi. In mutumin ya ja igiya ya ba shi wuta, sai gaban kwalekwalen ya ɗaga, ruwa ya dare biyu, matan da ke ciki su dafe kayansu suna cewa, "Kai, Baban Rahila, a hankali mana!" Shi kuwa sai dariya.

Tsakanin garin da tsibirin da mutane ke noma akwai wata 'yar hanya ta cikin ciyawa. Ta fi kusa, ba ta shan mai. A nan ne maƙwabcinsa, wani masunci da ake kira Baban Kefas, yake kafa tarunsa na kamun kifi. Al'adar bakin kogin nan kuwa tun kakanni ita ce, wanda ya yanke tarun wani ya je ya gaya wa mai shi a ranar, su zauna su ɗinke tare. Ba tara, ba zuwa gaban sarki.

Sai ya zama wata ranar kasuwa fasinjoji suka matsa wa mai fiton da sauri, ya bi ta 'yar hanyar nan. Ya ji injin ya yi tari, ya ɗan ja baya. Ya san tarun maƙwabcinsa ya yanke. Ya ƙara wuta ya wuce, yana cewa a ransa, "Da yamma zan je." Da yamma ta yi, gajiya ta hana shi. Kashegari kunya ta hana shi. Da ya ga ba wanda ya yi magana, ya sake bin hanyar, ya kuma sake.

Mutumin nan ba mugu ba ne, ku ji ni da kyau. Yakan ƙetare da marasa lafiya kyauta, ba a taɓa jin ya hana tsohuwa wurin zama ba. Amma abin ya zauna masa a rai. In ya hango maƙwabcinsa a bakin ruwa sai ya sunkuya kamar yana gyaran igiya. A coci ma, lokacin sujada, ya sauya benci.

Ana nan, ana nan, sai injin ya fara nauyi. Yana tashi lafiya lau, yana ruri kamar da, amma in aka ba shi wuta sai ya yi ta nishi, kwalekwale na jan ciki. Yaran da ke tuƙi da filafili har tsere suke yi da shi suna ihu. Abin tausayi, mutumin da a da ake roƙonsa ya rage gudu!

Ya sauya fulogi, ba ta sauya zani ba. Ya kwance kafireta ya wanke ta tas, ya hura, ya mayar. Ya ce ai mai sayar da fetur ne yake haɗa masa da ruwa, suka yi cacar baki a gaban jama'a, ya koma saye a wani wuri. Shiru. A ƙarshe ya ɗauki injin a kafaɗa ya kai wa bakanike. Bakaniken ya saurara, ya ce, "Kan injin nan lafiyarsa ƙalau. Bari mu cire farfela mu duba bayanta."

Mai fiton ya yi wuf ya ce, "A'a, bar ta. Ga ta nan tana juyawa. Tsufa ne kawai." Ya saɓi kayansa ya tafi. Ko ya san abin da yake gudu, ko bai sani ba, Allah ne masani.

Damina ta yi nisa. Mahaifiyarsa, tsohuwa mai taurin kai da son gonarta, tana can tsibiri tana korar tsuntsaye daga shinkafa. Wata safiya gari ya waye kogi ya cika ya tumbatsa, ruwa ja wur, yana tafe da itatuwa da kainuwa. Matarsa ta shigo a guje ta ce, "Maigida, tsibiri yana nutsewa, Mama kuma tana can ita kaɗai!"

Ya ruga ya tayar da inji. Tsibirin yana sama da gari, dole sai an yi gaba da gaba da ruwa. Ya murɗa wuta har ƙarshe. Injin ya yi ta kuka, kwalekwale bai ci gaba ba. Ruwa ya riƙa tura shi baya, baya, yana hangen tsibirin yana ƙara nisa. Ya yi kuka da babbar murya ya ce, "Ya Ubangiji, uwata!" Ruwan ya kai shi ya jingina da gaɓa, ga shi kuwa daidai inda Baban Kefas yake zaune yana ɗinkin taru.

Masuncin ya ajiye tarun. Ya shiga ruwa har ƙugu ya kama kwalekwalen, ya ce, "Ɗaga gindin injin." Ya zare ƙusa, ya ciro farfela. Ga zare nan a bayanta, ya naɗe sandar ƙarfen tam, ya dunƙule ya yi tauri kamar jijiya, a wurin da ido ba ya gani sai an kwance. Zaren kore ne. Duk bakin kogin nan mutum ɗaya ne yake ɗinkin taru da koren zare.

Mai fiton ya rasa inda zai sa fuskarsa. Ya ce, "Baban Kefas, naka ne."

Masuncin ya ce, "Na sani. Tun bara na sani. Riƙe mini farfelar nan."

Ya sa wuƙarsa ta gyaran kifi ya yi ta yankan zaren, yana ɓamɓarewa da farce har yatsansa ya yi jini. Ya mayar da farfela, ya tura kwalekwalen da ƙirjinsa, ya ce, "Je ka ɗauko Mama. Magana sai ka dawo."

Mai fiton ya ba da wuta. Jama'a, sai ga gaban kwalekwale ya ɗaga kamar shekarun baya! Ya tsaga ruwan nan ya isa tsibiri, ya sami tsohuwar a kan rumfar korar tsuntsaye, ruwa ya kusa taɓa ƙafafunta, ta rungume kazarta tana waƙar sujada. Ya sauko da ita yana hawaye, ita kuwa faɗa take yi masa wai ya daɗe.

Da ya kai ta gida, bai ko sauya rigarsa ba. Ya tafi bakin ruwa ya zauna kusa da maƙwabcinsa, ya ja gefe ɗaya na tarun ya ɗora a gwiwa, ya ce, "Ka gafarta mini." Masuncin ya miƙa masa zare.

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Injin shi ne zuciyar mai bi. Zaren shi ne laifin da muka yi wa ɗan'uwa muka ƙara wuta muka wuce. Ba ya kashe injin, shi ya sa yake ruɗinmu. Muna zuwa sujada, muna waƙa da ƙarfi, ƙara tana nan, amma tafiya babu. Addu'a ta yi nauyi, murna ta tafi. Sai mu ce mai wa'azi ne bai iya ba, mu sauya ikkilisiya kamar yadda mutumin nan ya sauya mai sayar da fetur. Wani ma ya ce tsufa ne. Ko'ina muna yarda a taɓa, ban da wuri ɗaya, domin mun san launin zaren da ke can.

Ina tausayin mutumin nan ƙwarai, gama kunya ce ta ɗaure shi, ni da ku kuwa mun san nauyinta. Amma ku duba wanda ya shiga ruwa. Wanda aka yi wa laifin ne, ya kuwa sani tun farko. Haka Yesu Almasihu yake da mu. Ya san zaren, nasa ne muka yanke, duk da haka shi ne ya zub da jini domin ya kwance mu.

To, kai da ke zaune a nan, akwai wanda kake sauya hanya in ka hango shi? Kada ka jira ranar ambaliya. Yau ruwa a kwance yake, gidansa kuma ka san hanya.