Zakaran da ya koya wa Shekarau girki

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa!

Ta iso, mun buɗe kunne!

An yi wani mutum wai shi Shekarau, mai cika baki. Matarsa Tasalla ta iya miya, har maƙwabta kan tsaya a bayan katanga don ƙamshi kawai. Amma duk ranar da aka yaba, sai Shekarau ya bugi ƙirji ya ce, "Ai ni na koya mata."

Ran nan aminin mahaifinsa, Baba Nomau, ya aiko cewa zai zo da matarsa Iya Kande su ci abincin yamma. Duk garin ba waɗanda Shekarau yake jin kunya kamarsu, don su suka yi masa aure. Sai ya aika musu cewa, "Ku zo ku ci girkin hannuna, na asali."

Tasalla ta ji. Ta miƙa masa muciya da ludayi, ta ce, "To Maigida, yau ɗaliba za ta huta, malami ya shiga madafa." Ta ɗauki mayafi ta tafi kitso.

Shekarau ya tsaya a bakin murhu. Bai taɓa dafa ko ruwan zafi ba. Ya ce bari ya fara da abin da ya iya. Ya wasa wuƙa, ya cafko zakaran gidan.

Zakara ya ce, "Maigida, yanka ni ba wuya. Amma shekara uku ina kiwo a bakin murhun nan, duk abin da Tasalla ke yi a kan idona. In na shiga tukunya, wa zai faɗa maka?"

Shekarau ya duba hagu, ya duba dama, ba kowa. Ya sake shi, ya ce, "To faɗa mini, a hankali."

Zakara ya ce, "Kafin ta zuba shinkafa, takan watsa rabi a ƙasa, don kada tuwo ya yi gudaji."

"Haka take yi?"

"Haka take yi, da idona na gani."

Shekarau ya watsa. Zakara ya kira matansa, suka tsince tas.

Aka zo kan miyar taushe. Zakara ya ce, "Gyaɗa kuwa, ba ta dakawa sai na ɗanɗana, ko akwai ruɓaɓɓiya."

"Haka take yi?"

"Haka take yi, da idona na gani."

Zakara ya yi ta ɗanɗanawa har kwano ya koma fanko. Ya ce, "Duk masu kyau ne."

Shekarau ya ce, "To nama fa?"

Zakara ya ce, "Subhanallahi! Ranar manyan baƙi nama raini ne. Kanwa take sawa, cikin hannu uku. Gishiri kuma ka yi ta zubawa har sai na yi cara."

"Haka take yi?"

"Haka take yi, da idona na gani."

Zakara ya tashi fir, ya hau kan rufin ɗaki, ya shiga gyaran fiffike. Shekarau na zuba gishiri yana kallon sama, yana zubawa yana kallon sama, har gishiri ya ƙare, ba cara.

Bayan la'asar baƙi suka yi sallama. Aka shimfiɗa tabarma. Tuwo ya fito ruwa-ruwa kamar kunu, miya baƙa ƙirin tana kumfa. Baba Nomau ya kai loma ɗaya, idanunsa suka kawo ruwa. Ya haɗiye da ƙyar, ya ce, "Alhamdulillahi."

Iya Kande ba ta iya kara ba. Ta tofar, ta ce, "Ɗan nan, me muka yi maka?"

Gumi ya keto wa Shekarau. Ya ce, "Wallahi Iya, Tasalla ce. Kwanan nan hannunta ya lalace."

Bai rufe baki ba sai ga Tasalla ta shigo da sabon kitso yana ƙyalli, ta durƙusa ta gaida baƙi. A daidai nan zakara ya miƙe wuya a kan rufi, ya ce, "Kukurukuu! Maigida, gishiri ya isa haka!"

Iya Kande ta yi dariya har ɗankwalinta ya faɗi. Ta kama hannun Tasalla suka shiga madafa, kafin magariba suka fito da ɗanwake mai zafi, da mai da yaji. Shekarau ya miƙa hannu. Baba Nomau ya riƙe hannun, ya turo masa akushin tuwon, ya ce, "A gidan ubanka ba a zubar da abinci. Naka ne, cinye."

Shekarau ya cinye yana hawaye. Kwana uku bai yi nisa da randa ba. Zakara kuwa ya rayu har tsufa ya sa ba mai sha'awar namansa.

To yara, abin da ba ku iya ba, ku ce ba ku iya ba. Kuma kada ku nemi shawarar miya wurin wanda za a dafa.

Ƙurunƙus kan gafiya, mai jin ƙishi ya tashi ya sha ruwa.