Fadamar Malam Mati da Baƙin Mai

Ku matso kusa, muryata ba ta zuwa nesa yanzu. Na daɗe ina juya wannan magana ban samo bakinta ba, shi ya sa na kawo muku ita.

A ƙauyenmu akwai wani tsoho, Malam Mati, mai 'yar fadama ta albasa, ita ce cinsa ita ce suturarsa. Bututun mai ya ratsa ta ƙarƙashinta. Wata rana bututun ya tsage don tsufa, baƙin mai ya malale fadamar, ya gangara har rijiyoyi. Da aka ji mutanen kamfanin man za su zo dubawa, mai gari ya ce abin kunya ne baƙi su tarar da gari cikin ƙazanta. Aka yi gayya, aka rufe baƙar ƙasa da yashi, aka ƙone ruɓaɓɓiyar albasa. Ni ma da kwandona a cikin masu ɗibar yashin, har yau ina jin haushin kaina. Baƙi suka zo, suka ci tuwo, suka rubuta cewa ɓarnar ba ta taka kara ta karya ba.

Malam Mati yana da 'ya'ya uku. Babbarsu, Kande, tun kafin gayyar ta cika jarka da ruwan rijiya, ta ɗebi baƙar ƙasa a tukunya, ta ɗauki hotuna da wayar maƙwabciya. Mijinta ya yi ta faɗa saboda wari, mata suka ce ta taɓu. Ta toshe kunne, ta tura kayanta ƙarƙashin gado, tana kwana a kansu da ciwon kai.

Na biyu, Ilu, ko sunansa bai iya rubutawa ba. Bayan wata guda kamfani ya aiko da buhunan shinkafa da takarda, kowa ya dangwala yatsa ya ɗauki nasa. An riga an shafa wa tsohon tawada, sai Ilu ya riƙe hannunsa ya ce, "Baba, ba a karanta mana ba. Kyauta ba ta neman yatsa." Ashe takardar cewa ta yi an yafe duk wani haƙƙi. Gari ya ci shinkafa, gidansu ya sha koko, aka daina amsa wa Ilu sallama a majalisa.

Autansu, Sabi'u, ɗan acaɓa ne a birni. Shi ya yi ta bin ofisoshi har ya samo wata lauya mai tsaya wa talaka kyauta. Ita ta faɗa masa cewa ƙara tana da wa'adi, in ya wuce an rufe ƙofa, kuma a lokacin kwanaki kaɗan suka rage. Ta sa aka kai jarkar Kande wurin gwaji, aka nemo katin asibitin yaran da suka sha ruwan. Shekara shida ana ɗage shari'a, Sabi'u bai taɓa fashin zama ba. Babur ɗinsa ma a hanyar kotu ya ƙare.

Daga ƙarshe alƙali ya ce a kwashe gurɓatacciyar ƙasar, a zuba sabuwa, a haƙa rijiyar burtsatse. A duk ƙauyen, Malam Mati kaɗai ya samu, mu saura yatsunmu sun riga sun kashe mu.

Amma ranar da fadamar ta sake yin kore, tsohon ba ya iya ɗaga fartanya. Kuma fadamar ba ta fi tsakar gida ba, in aka raba ta uku ba za ta ciyar da kowa ba. Ya tara su ya ce, "Na gaji. Ina so in ba ɗayanku ita da raina, amma duk wanda na kalla sai in ji kunyar sauran."

Ba don jarkar Kande ba, da babu abin nuna wa alƙali. Da Ilu ya saki hannun nan, ko ƙofar kotu ba za a buɗe musu ba. Sabi'u kuwa, in ba shi ba, da jarkar tana ƙarƙashin gado har gobe.

To, ga tsoho yana jira, lokacin dashen albasa kuma ya ƙarato. Wa za ku ce ya miƙa wa fartanyar?